Hancin Gwaggo Yalwa

Sau uku Yahaya yana turo manyansa gidan su Jamila a Makera, sau uku Gwaggo Yalwa tana tare su a bakin zaure ta ce Baffan yarinyar ya yi tafiya. Baffa Sabo kuwa yana ɗaki a kishingiɗe, ya rage muryar rediyo don kada a ji motsinsa. Ƙanin Gwaggo ne, kuma shi ne waliyyin Jamila tun da iyayenta suka rasu, amma duk unguwa an san ba ya iya haɗa ido da yayarsa.

Laifin Yahaya biyu ne a wurinta. Na farko uwarsa, Dorcas, tana can Narayi tana zuwa cocinta duk Lahadi. Ba ruwan Gwaggo da cewa marigayi ubansa Musulmi ne ɗan Tudun Wada. Ba ruwanta da cewa a hannun baffansa Malam Ishaku ya tashi, har ya sauke Alƙur'ani kafin ya gama sakandare. Ko sunansa ba ta kira, ɗan Dorcas take ce masa.

Na biyu sana'arsa. Man waken suya yake sarowa daga wani ƙaramin kamfani, ya ɗaura jarkoki a bayan babur yana bin gidajen abinci. Wannan laifin ya ma fi na farkon zafi, don in ana maganar mai a Makera, to an taɓo Gwaggo Yalwa.

Shekara talatin da biyu tana riƙe da gidan abincinta a kan hanyar masaƙa, inda ma'aikata ke tururuwa da an tashe su cin abincin rana. Amma ba tuwonta ne ya yi mata suna ba, hancinta ne. Mace za ta sayo man gyaɗa na biki, ba za ta ɗora kasko ba sai ta tsiyayo a kwalba ta kawo wa Gwaggo. Ita kuwa ta lumshe ido, ta kai hanci, ta ce, "Wannan gyaɗar bara ce," ko ta ce, "An sirka miki, mayar masa da kayansa." Magana ta ƙare. Akwai dillalin da ya tashi daga kasuwar gaba ɗaya saboda tsaki ɗaya da ta ja a kan garwarsa.

To mai irin wannan hancin ne za a kawo wa man da ba ya ƙamshin komai? "Ruwan famfo ne aka sa wa kala," in ji ta. "Waken da ake ba kaji."

Wanda take so wa Jamila shi ne Tanko, dillalin man gyaɗan da take saye a wurinsa. Tun da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula a bana, Tanko ya zura babbar riga ya shiga bin 'yan siyasa. Ba wanda ya zaɓe shi a komai, amma in ba ka ce masa Onarabul ba, ba ya waiwayowa. Jamila ta faɗa masa a fili ba ta son sa. Ya yi dariya ya ce ai ba ita ke yanke hukunci a gidan ba.

Akwai dai abin da Gwaggo ba ta sani ba.

Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ita a bencin bakin ƙofa, madafa ta koma hannun Jamila, 'yar shekara ashirin da shida mai difloma a kan girki. Kuma tun washegarin Babbar Sallah, wata huɗu ke nan, ko ɗigon man gyaɗa bai shiga kaskon gidan abincin nan ba. Yahaya ke sauke jarka biyu ta ƙofar baya duk Litinin, Jamila ta juye a tsofaffin garwanin Tanko.

A faɗi gaskiya, ba don soyayya kaɗai ta yi ba. Ta gaji da kumfar da ɗanyen man gyaɗa ke yi har ya zubo cikin murhu. Ta gaji da hayaƙin da ke sa ta hawaye tun hantsi. Shi wannan kuwa sai ya ɗauki zafi shiru abinsa, ba kumfa, ba saurin yin baƙi, a soya kaji a tace a ƙara soya dankali da shi. Ƙosai ya fito da ɗanɗanon wake, ba na mai ba. Ma'aikatan masaƙa ba su san dalili ba, sun dai ƙara yawa har sai da aka buga sabbin bencina biyu.

Abu ɗaya ne ba ta daina ba. Kullum da safe sai ta yanka albasa ta jefa a man, kamar yadda ake yi wa man gyaɗa don a kashe gafinsa. Wannan man ba shi da gafin da za a kashe. Don Gwaggo take yi, ta jiyo ƙarar albasar daga inda take zaune ta san komai na tafiya yadda ta bar shi.

* * *

Ranar Asabar bayan azahar, an ɗan yi ruwa an ɗauke, Yahaya ya tsayar da baburinsa ƙarƙashin mangwaron da ke bayan madafa. Limamin unguwa ne ya sa baki, Baffa Sabo ya ji kunya ya ce manyan su zo gobe bayan la'asar.

"Haba Jamila, share hawayen nan mana," ya ce. "Yau ai ranar murna ce."

"Murnar me, Yaya? Ka fa san Gwaggo. Za ta bari su shigo ne kawai don ta wulaƙanta su a zaune maimakon a tsaye."

"Ko zaginsu ta yi, Baffa Ishaku zai shanye. Ya ce min in takalminta za ta ce ya ɗauka, zai ɗauka."

"Ni ce ba zan iya shanyewa ba!" Ta sa gefen mayafi ta goge ido, wasu hawayen suka sake cikowa. "Wata huɗu tana zaune tana yi wa kwastomomi alfahari, wai hannun Tanko albarka gare shi. Tanko! Wanda bai san ko kaskonmu na nan ko an sayar ba. Kai kake shan rana a kan babur, shi ake sa wa albarka."

Ya matso kusa da ita.

"Dube ni. Abu ɗaya nake roƙon ki. Duk abin da za ta faɗa gobe, kada ki ta da maganar man nan."

"In ta san gaskiya fa ta sauko? In ta gane kai ne ka cika mata bencina?"

"Ba za ta gode miki ba. Ni tun farko ban so muka yi mata wannan ɓoyon ba, ke ma kin sani. Ki bari a ɗaura. In hankali ya kwanta sai mu je mu durƙusa mu faɗa mata a ɗaki, daga mu sai ita."

"Kullum a bari, kullum a jira. Shekara uku, Yaya. Waɗanda muka gama makaranta tare duk sun yi goyo na biyu. Ni kuwa in na bi layi sai in ji ana cewa ga wadda ta nace wa ɗan Narayi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai namiji ne, in abin ya ƙi gobe sai ka nemi wata."

Fuskarsa ta canza, har sai da ta yi da-na-sanin faɗa.

"Mama ta sayi atamfa tun bara," ya ce a hankali. "Ta ce ba za ta kai ɗinki ba sai an sa ranarmu. Duk zuwan da na yi sai ta fito da ita ta kaɗe ta mayar cikin akwati. Wace macen kuma zan nema in kai mata?"

Jamila ta fashe da kuka sosai, ta jingina da jikin mangwaron.

"Kin yi min alƙawari?" ya sake tambaya.

Ta gyaɗa kai. Ni dai ban ji ta furta da bakinta ba.

* * *

Lahadi bayan la'asar Malam Ishaku ya iso da dattawa biyu, da ƙwaryar goro da alawa. Suna shiga falo suka tarar da Tanko ya riga su, ya baza babbar riga a kujerar da ta fi kowacce girma, wai wucewa yake yi ya tsaya gaida Hajiya. Matan maƙwabta kuwa sun cika tsakar gida, kowacce da abin da ta ce ta zo ara.

Maganar neman aure ta maza ce, amma wa zai hana Gwaggo? Ta dogaro sandarta ta shigo ta zauna.

"Malam Ishaku, sannunku da hanya. Ina uwar yaron, ba ta aiko da gaisuwa ba? Au, na manta yau Lahadi ce, ba ta da sukuni."

Tanko ya ƙyalƙyale da dariya. Malam Ishaku ya yi murmushi ya ce, "Tana gaishe ki, Hajiya."

Aka shigo da waina da soyayyun kaji. Jamila ce ta soya su da hannunta, ta kawo har bakin labule ta miƙa, sannan ta maƙale a nan tana saurare.

"Ku ci," in ji Gwaggo. "Ku ci ku ji yadda abinci yake in an soya shi da mai na gaskiya." Ta ɗauki cinyar kaza, ta lumshe ido, ta kai hanci kamar yadda ta saba. "Kun ji? Gyaɗa mai kyau, suyarta ta yi daidai. Wannan hannun Onarabul ne."

"Abinci ya yi daɗi ƙwarai," Malam Ishaku ya ce. "Shi ma yaron namu, Hajiya, sana'ar halal yake yi. Gidajen abinci da dama sun koma kan man nasa, sun ce yana da auki, ba ya ɓata musu girki."

"Waɗanda ba su da hanci ba! Su da za a zuba musu ruwan wanki su ce miya ce." Ta buga sandarta a ƙasa. "Ni Yalwa, in aka ɗiga wannan abin a kaskona, daga bakin titi zan jiyo."

"Ai ba ya wari, Hajiya."

"Rashin warin shi ne warinsa. Kai, bari in rage muku wahala." Ta ɗaga yatsa sama, muryarta har tsakar gida. "Wallahi tallahi, ranar da man ɗan Dorcas ya shiga kaskona na ci ban gane ba, a ranar na ba shi Jamila, ko lefe kada ya kawo!"

Wayyo Jamila. Da ta ciji leɓenta na minti ɗaya! Amma shekara uku ba kwana uku ba ne, ga ƙofa an buɗe mata da rantsuwa. Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

Yarinyar da ake nema ba ta shiga inda ake maganar aurenta. Dattawan suka sunkuyar da kai don kunya. Ta zube a gwiwa a tsakiyar falon.

"Gwaggo, kin rantse."

"Ke! Fita min nan."

"Kazar da ke hannunki da mansa aka soya ta. Wainar ma haka. Tun Babbar Sallah da shi muke girki, duk Litinin yake kawowa. Kin ci, kin yaba, kin ƙara."

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya, ta juya wajen Tanko tana jiran ya ƙaryata.

Shi kuwa gogan, da yake bakinsa ya fi tunaninsa sauri, sai ya dafe hula ya ce, "Au! Shi ya sa ƙanina ya ce min tun Sallah ba a aiko ɗaukar mai daga gidan nan ba. Ni na zaci fushi Hajiya take yi da ni."

Baffa Sabo ya sa aka ɗauko garwar da aka yi suyar da ita. Ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya lasa. Ya miƙa wa dattijon da ke kusa da shi, shi ma ya yi haka.

"Hajiya," Baffa ya ce, "babu gyaɗa a nan ko kaɗan."

Gwaggo ta ɗebo man da ludayi. Ta kai shi hanci ta daɗe, ta daɗe, har man ya fara ɗiga a kan zanenta. Daga tsakar gida wata ta kasa riƙe dariyarta, ta saki, wata ta taya ta.

"A bar maganar nan," Malam Ishaku ya yi saurin cewa. "Hajiya raha take yi da mu."

Amma Baffa Sabo, da bai taɓa samun yayarsa a ƙasa ba sai yau, ya gyara zama ya ce, "A'a. Rantsuwa ce, duk mun ji da kunnenmu. Ku je, za mu neme ku a kan sa rana."

Jamila ta koma ɗaki da gudu, ta faɗa kan katifa tana dariya tana kuka. A ganinta ta gama cin nasara.

* * *

Washegari Litinin, hantsi ya yi Gwaggo ba ta fito ba. Shekara talatin da biyu ba a taɓa ganin haka ba sai in tana kwance ba lafiya. Jamila na shara a ƙofar gida wasu mata biyu suka wuce, ɗaya ta ce da ƙarfi, "A kai wa Gwaggo kananzir, yanzu ta ce miki man shanu ne." Suka tafa.

Ta yar da tsintsiyar ta shiga ɗakin Gwaggo, ta same ta zaune a bakin gado ta yi shirin fita tsaf, idanunta sun kumbura.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Rufe ƙofar."

Ta rufe, ta durƙusa.

"Kin tuna zazzaɓin da ya kwantar da ni sati uku, shekara biyu da rabi da suka wuce?"

"Na tuna."

"Tun da na tashi daga shi ban ƙara jin ƙamshin komai ba. Turaren Makka da kwatar bayan gida, duk ɗaya ne a wurina."

Jamila ta ɗago kai a firgice.

"In suka kawo min kwalba, da ido nake dubawa. In murza a yatsa, in kalli fuskar wadda ta kawo, in faɗi abin da Allah ya sa a bakina. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kullum da safe ina jin ƙarar albasarki a kasko, in ce Alhamdulillahi, ko hancina ya mutu 'yata na riƙe min da gida." Ta kawar da kai. "Ashe wasa kike yi da ni kamar 'yar tsana."

"Wallahi ban sani ba, Gwaggo! Da na sani..."

"Da kin sani me? Ban haihu ba. Miji ya mutu. Gwiwa ta tafi. Abu ɗaya ya rage min da in na fito mata ke tashi su ba ni wuri. Na ɗauke ki kina wata bakwai, kina kashi a zanena. Kika rasa inda za ki tuɓe ni sai gaban Tanko da baƙi da matan layi."

Jamila ta kama ƙafafunta tana kuka kamar ranta zai fita. "Ki yafe min. Ki dake ni, ki yi min duk abin da kike so. Na yi miki alƙawari, ba zan ƙara buɗe baki a kan maganarki a gaban mutane ba, har abada."

"Kin yi alƙawari?"

"Na yi, Gwaggo. Na yi."

"Madalla. Ki riƙe shi da kyau, don ranar da kika karya, ko gawata ban yarda ki taɓa ba." Ta janye ƙafafunta, ta share ido, sai ga tsohuwar fuskarta ta dawo. "Da asuba na aika an tambayo min malam. Ya ce wanda ya rantse da Allah ya ga ba zai cika ba, sai ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan rantsuwa ta warware."

Jamila ta saki baki tana kallon ta.

"Ni da nake ciyar da mutum ɗari biyu kullum, goma ne za su gagare ni?"

"Gwaggo, ki yi wa Allah!"

"Shi nake yi wa, shi ya sa zan biya shi haƙƙinsa. Sabo kuwa na riga na gan shi, ya koma ɗakinsa da rediyonsa. Tankon ma ya je can, na ga iyakar hankalinsa. Ba zan sa ki auri kowa ba. Ki zauna ki tsufa a gaban kasko kamar yadda na tsufa." Ta miƙa hannu ta ɗauki sandarta. "Tashi ki ɗora shinkafa. Ki soya nama da yawa. Da man nasa za ki soya, tunda an ce ya fi."

* * *

Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a inuwar gaban gidan abincin. Aka zaunar da su, tsofaffi mata huɗu, makaho da matarsa, da wasu magidanta uku da masaƙa ta sallama tun bara. Jamila na zuba shinkafa a faranti tana ƙirga su ta taga, hawaye na ɗiga a hannunta. Tara. Ta sake ƙirgawa. Tara ne.

Wani ɗan guntun fata ya motsa a ranta. Ko Gwaggo ta kasa cikawa ne? Ko zuciyarta ta ɗan yi sanyi?

Sai ta ji ƙarar babur.

Yahaya ya sha kwana zai bi ta baya kamar kullum, jarka biyu ɗaure a bayansa. Ya sa sabuwar shadda, ya yi aski, kana ganinsa ka san labarin jiya ya same shi.

"Yahaya!"

Saura kaɗan ya faɗi da babur ɗin. Shekara uku, yau ne Gwaggo ta fara kiran sunansa. Ya sauko da sauri ya zo ya tsuguna a gabanta.

"Ina wuni, Gwaggo. Ki gafarce mu, mun yi kuskure babba."

"Ya wuce. Daga yau ka daina bin ƙofar baya kamar ɓarawo, ta gaba za ka riƙa saukewa. Ka ci abinci kuwa?"

"A'a, ai na ƙoshi."

"Ka ƙi abincina ke nan?"

"Wane ni!"

"To zauna nan." Ta nuna masa gefen tabarmar, kusa da makahon. "Jamila! Kawo wa Yahaya nasa. Ki cika masa nama."

A nan Jamila ta gane. Shi ne cikon goman.

Ta fito tana taku kamar mai tafiya cikin laka. Ya ɗago yana yi mata murmushi, irin wanda ba ta taɓa gani a fuskarsa ba, ya ga hawayenta ya ɗauka na farin ciki ne. Ta buɗe baki. Kalma uku kawai take buƙata, kada ka ci. Ta ɗaga ido ta ga Gwaggo ta zuba mata nata, ga ma'aikata sun fara cika bencina, ga matan layi a tsaye.

Ta rufe bakin. Ta ajiye masa farantin.

"Sadakar mece ce ake yi, Gwaggo?" ya tambaya yana wanke hannu.

"Kai dai ci."

Ya ci. Ba yunwa yake ji ba, amma ya cinye tas don kada ta ga kamar ya raina. Har ya ce, "Ban taɓa cin shinkafa mai daɗin wannan ba."

Gwaggo ta jira ya ajiye kofin ruwa. Sannan ta dogara sanda ta miƙe, ta bi tabarmar da yatsa tana ƙirgawa a fili yadda kowa zai ji. Ɗaya, biyu, uku. Da ta zo kansa ta tsaya.

"Goma. Alhamdulillahi. Jama'a ku shaida, na ciyar da miskinai goma, na yi kaffarar rantsuwar da na yi jiya. Babu sauran alƙawari tsakanina da kowa."

Yahaya bai gane ba da farko. Ya dubi makahon, ya dubi farantin da ke gabansa, ya dubi Jamila.

"Gwaggo, ni ba..."

"Ba miskini ba ne? Uba a ƙasa, uwa a coci, gida na baffa. In kai ba miskini ba ne, a nuna min shi." Ta juya za ta koma bencinta, sai ta waiwayo. "Man naka kuwa yana da kyau, ban ƙi gaskiya ba. Ka ci gaba da kawowa duk Litinin. Shi muna so. Kai ne ba ma so."

Ko waccan kaffara ta karɓu ko ba ta karɓu ba, wannan sai malamai. Abin da na sani shi ne ba wanda ya yi dariya a wurin, har matan layin.

Ya miƙe a hankali. Ya je ya kwance jarkokin nan biyu ya ajiye su a bakin ƙofa, don an riga an yi da shi zai kawo. Sannan ya dawo inda Jamila ke tsaye da tire a hannu.

"Shekaranjiya na roƙe ki ki yi shiru, kika yi magana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ban ji haushi ba, na ce so ne ya yi miki yawa. Amma yau ki gaya min abu ɗaya. Da kika miƙo min farantin nan, kin san ko na mene ne?"

Ta so ta ce masa an ɗaure mata baki. Ta so ta gaya masa zancen zazzaɓin, da ƙafafun da ta kama da safe. Gwaggo na zaune taku biyar daga inda suke, mutane kuma na kallo.

"Na sani," ta ce.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya gyaɗa kai, ya kama baburinsa. Bai tayar da shi ba, tura shi ya yi har ya sha kwanar masaƙa, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.